Tandar da Aka Wanke da Sabulu

Kun zo min da wayoyinku kun cika darduma, wai in koya muku tuyar waina kafin a sake buɗe filin dare. Ɗayarku, waccan mai tabarau, har ta kira ni kaka da Larabci ta ce, "Sitti, ai ba wani abu ba ne, shinkafa ce da yis da sukari." Na ji. Ni Kande a nan Makka aka haife ni, a nan na tsufa a gindin murhu, ko sunana ban iya rubutawa ba. Saboda haka Nuha jikata ce za ta rubuta abin da zan faɗa. Ke Nuha, yadda ya fito daga bakina haka za ki sa. In mun iso wurin da sunanki ya shigo, kada ki tsallake.

Wankin shinkafa shi ne aikina na farko, a gidan Gwaggo Ladi ƙanwar mahaifina, cikin wani lungu na unguwar Tandabawi da yake hawa dutse. A lokacin ruwa a garwa ake kawo shi a kafaɗa, ba a wasa da ko ɗigo. In na gama wankewa sai Gwaggo ta tsoma hannu ta murza ƙwaya tsakanin yatsunta. In bai yi mata ba, ba ta magana, sai ta turo min ƙwaryar da ƙafa. Daga wanki aka ɗaga ni zuwa fifita. Na daɗe riƙe da mafici, har na yi tsawon da zanen Gwaggo ya daina ja min ƙasa, ban taɓa ludayi ba. Ku fifita wasa ce a wurinku. Wutar waina ba ta son harshe, garwashi take so wanda toka ta fara rufe masa kai. In kin zafafa, bayan waina ya ƙone cikinta yana ɗanye. In kin sassauta, ta sha mai ta kwanta kamar tsumma. Gwaggo ba ta taɓa ce min ƙara ko rage ba. Bayan ludayi ne yake sauka a gwiwata, ni zan gane wanne take nufi.

Haɗa ƙullu kuwa da hantsi ake yi, bayan an dawo daga markaɗe. Yis ɗin nan naku ba mu san shi ba. Kullum akan rage ƙullun jiya a gindin tukunya, a zuba na yau a kansa, shi yake tayar da shi. Garin nan kuma zafinsa ba ya jira, kafin ki juya ƙullu ya yi tsami. Da bazara sai a jiƙa buhu a naɗe tukunyar a kai ta ƙarƙashin matakala. In gari ya ɗan yi sanyi a matso da ita kusa da murhu. Ba a duba agogo. Buɗe murfi za ki yi ki sansana, ki kasa kunne, don ƙullun da ya tashi yana wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. In tsami ya wuce gona da iri, sai ruwan kanwa, kaɗan, a bakin cokali. In kin cika hannu waina ta fito rawaya tana maƙaƙi, Gwaggo ta ce, "Wannan ke za ki cinye ta, har gobe ma ita ce abincinki."

Amma duk wannan a bayan tanda yake. Tandar ƙasa ba a yinta a nan. Alhazai ne suke taho mana da ita daga gida, a naɗe cikin zannuwa a tsakiyar akwati, kuma yawanci a fashe take isowa. Wadda ta tsira sai a ƙwanƙwasa ta da farce. In ta amsa da murya tas, lafiya lau. In ta yi gum, akwai tsaga a ɓoye, sai dai a zuba wa tantabaru ruwa a ciki. Sabuwar tanda ja ce, kuma mayunwaciya ce. Duk man da kika zuba sai ta shanye, duk ƙullun da kika zuba sai ta riƙe. Ba a sayar da wainarta. A gefe ake ɗora ta kowane dare kusa da tsohuwar tanda, a shafe ta da man gyaɗa, a toya mata ragowar ƙullu, ya ƙone, a kankare. Hayaƙin da take yi a lokacin sai ya kori mutum daga ɗaki. Haka za a yi ta fama, daga wannan Hajji har a fara jin ƙamshin na gaba, mai yana shiga cikin ƙasar, wuta tana dafa shi, har jan ya koma baƙi, baƙin ya fara sheƙi. Ranar da kika taɓa waina da cokali ta mirgina da kanta kamar dama jira take, ranar tanda ta zama tanda. Daga nan ita da ruwa sun rabu. Wankanta tsumma ne mai ɗan mai, tun tana da ɗumi. Baƙin nan ba dauɗa ba ne, shi ne sana'ar. Nuha, rubuta wannan sau biyu.

Tanduna da yawa sun mutu a hannuna. Wadda ta fi daɗewa muna ce mata Baƙa. Wani ɗalibin ilmi Bazazzagi ne ya kawo min ita, a kan cinyarsa ya riƙo ta a jirgi, ke Nuha lokacin kina rarrafe. Na san halin kowane gida, wato kowane gurbin waina, a jikinta. Na tsakiya mai gaggawa ne, shi ake zuba wa ƙarshe, shi ake fara kwashewa, kuma wainarsa ce mai ƙamas-ƙamas a baki. Na gefen hagu malalaci ne, sai kin jira shi. Ko shekarun da muke bin aikin abinci a Arfa, ban taɓa sa ta a bayan mota ba. Goya ta nake yi.

Shimfiɗa kaya a bakin lungu bayan isha'i, nan ne na san mutane. Ku kuna maganar kasuwar dare kamar jiya aka ƙirƙiro ta. Makka ba ta taɓa barci ba. Sai dai masu cin wainata ba 'yan shan iska ba ne. Masu tura tsofaffi a keke wajen ɗawafi da sa'ayi ne, da masu shara, da direbobin bas na Aziziyya, da ɗaliban ilmi da kewar gida ta hana su runtsawa. Mutumin da ya kwana yana tura wani ba ya neman ado. Abu mai zafi yake so, da miyar taushe, da benci, da wadda ba za ta cika shi da tambaya ba. Tun daga nesa nake kallon tafiyar mutum, kafin ya iso na san yawan da zan zuba masa.

Akwai Malam Bawa, Basakkwace, siriri kamar sandar raƙe, turin keke yake yi. In ya zauna sai ya cire takalmi ya miƙe ƙafa.

"Hajiya Kande, yau wata tsohuwa na tura, ta fi ni nauyi sau biyu, tana ta ce mani in yi sauri, kamar an ce mata rufe Aljanna za a yi."

"Kai dai ka ci ka tashi, Malam Bawa, bencin nan ba haya ka kama ba."

"Ba ni ta tsakiya."

"Duk ɗaya ne."

"In duk ɗaya ne, ki ba ni ta tsakiya."

Wata rana na gwada shi na ba shi ta gefen hagu. Ya gutsura ya dube ni ya ce, "Me na yi maki?" Ban ƙara ba.

Zubin farko ba na sayarwa ba ne. Haka na tarar Gwaggo tana yi, haka na yi. Kowane dare akwai wanda zai zo ya zauna can nesa da fitila, ba ya kiran komai, ba ya kallon tanda. Ba a tambayarsa. Faranti ake ajiye masa a gefe a dawo, ba a duba fuskarsa. In an ga farantin a kife a kan benci, an san ya ci ya tafi.

Ba zan ce muku komai daɗi ne a lungun ba. Ba mu da tasrihi, wato takardar izini. In motar masu duba ta kunno kai, kowa ta kansa yake. Mai fura ta ɗauki ƙwaryarta, mai tsire ya rungumi tirensa, ni in kama tanda da gefen mayafi da zafinta in hau matakala. Ku dubi damtsen nan. Mai ne ya tuntsure min a guje. Fata ta tafi, amma ban saki Baƙa ba.

Shekarar annoba dare ya mutu. Aka hana fita, Harami ya zama ba kowa, masu keke ba wanda za su tura. Duk da haka kowane dare nakan hura ɗan gawayi a tsakar gida in toya zubi ɗaya in miƙa wa maƙwabta ta kan katanga, don kada ƙullu ya mutu, kada tanda ta bushe. Na ɗauka ita ce muguwar shekarar. Ashe tana gaba.

Jan fenti muka wayi gari muka gani a bangon gida. Lungunmu ya faɗa cikin aikin hanya. Aka watse, kowa da inda ya nufa, mu muka dawo nan bakin gari, shuƙƙa, wato sashen haya a saman bene, ba tsakar gida, ba bakin ƙofa. Daren farko na hura gawayi a kicin, sai wata aba a jikin silin ta hau ihu. Maƙwabta suka fito da yara a kafaɗa, mai gadi ya hawo yana haki. Ya ce, "Ya hajja, nan ba a kunna gawayi, in an sake sai dai ku tashi." A makon nan ƙullun da ya biyo ni tun daga tukunyar Gwaggo ya lalace, na tuttula shi a magudanar wanke-wanke. Baƙa kuwa na naɗe ta a tsumma na tura ƙarƙashin gado. Nakan fito da ita in ɗumama ta kaɗan a kan gas in goge, in mayar.

Muna nan sai ga labari wai hukuma tana son raya dare. An ware fili a gefen gari, za a jera rumfuna, a sa fitilu, da wurin wasan yara, da abincin gargajiya, kuma matan da suke sana'a a gida za a ba su rumfa. Nuha ce ta shigo da maganar. Ta gama jami'a tana zaune ba aiki. A waya ta yi komai, ban ga takarda ko ɗaya ba.

"Sitti, ba gudu, ba kora. Da tasrihi, da sunanki a allo."

"In karanta da wane ido?"

"Ni zan karanta miki kullum."

Ranar na aika a sayo shinkafar tuwo.

Zan faɗi gaskiya, don ba na cin haƙƙin kowa. Niyyar mai kyau ce. Akwai banɗaki, akwai ruwa, akwai fanka mai feshi, ba wanda yake bin ki da mota. Wani kamfani aka damƙa wa filin, suka sa mana mushrifi, wato mai kula da rumfuna, yaro mai ladabi, ba ya ɗaga murya, hala yake ce min, wato inna. Kwana biyu kafin buɗewa muka kai kaya ya zo ya duba.

"Ya hala, gawayi ba ya shiga filin nan."

Na ce to. Na san dabarar ɗora farantin ƙarfe a kan gas, a zuba yashi, a ɗora tanda a kai, wuta ta bazu daidai.

"Ƙullu kuma a tallaja zai zauna, cikin firij."

"Ɗana, ƙullu in ya ji sanyi barci yake yi."

"Doka ce, ya hala, ba ni na sa ba."

Na ce to. Nuha ta ce za ta ƙara masa yis ya tashi. Na ce to. Ya ce safar hannu, na ce to. Sannan ya iso kan Baƙa. Ya ɗaga tsumman, ya goga yatsa a gidan tsakiya, ya dubi yatsan.

"Wannan fa? Muna da ta lantarki, fara tas, za mu ba ku aro."

"In ba ita, ba ni."

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Shi ke nan. Gobe da la'asar masu duba tsafta za su zagayo. Ku tsabtace ta sosai. In ta wuce a wurinsu, ta wuce a wurina."

Na gyaɗa kai, ina nufin tsummana. Nuha ma ta gyaɗa kai. Ashe ba abu ɗaya muka gyaɗa wa ba.

Ki ci gaba da rubutu, Nuha, hanci za ki share ba takarda ba.

Da safe na shiga kicin na ga wata jar tanda a kife a kan tawul. Na ɗauka wani ne ya aiko min da sabuwa. Sai ga Nuha a bakin ƙofa, ido ya yi ja don rashin barci, farce duk a kakkarye, tana murmushi.

"Sitti, kin ga? Tun da kika kwanta na jiƙa ta a baho da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke. Soson ƙarfe har ya cinye. Wallahi da ƙyar baƙin ya fita."

Na juya ta. Ga gidan tsakiya, ga na hagu. Ita ce. Na ɗaga, ta yi nauyin da ban san ta da shi ba, ta sha ruwa har ƙoshi. Na kai hanci, ƙamshin lemon tsami na sabulu.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Na ga hannunki yana ciwo ne, na ce in hutar da ke."

"Kin hutar da ni."

Murmushin ya fara sauka. Ta ce, "Sitti, me na yi? Ai ba ki taɓa ce min ba a wanke ta ba."

Gaskiya ta faɗa. Ni ma Gwaggo ba ta taɓa ce min ba. Ba abin faɗa ba ne, abin gani ne. Ni a gindin murhu na girma, na ga tsumma kowane dare tun ban san sunansa ba. Ita kuwa lokacin da nake bakin lungu tana ɗaki da littafi, haka uwarta ta so, haka ni ma na so. Da ta yi hankalin da za ta tsaya ta kalla, babu lungun.

Na kai tandar taga inda rana take duka. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, ruwan da ya shiga ƙasa ba ya fita a yini. Da la'asar masu duba suka zo, suka ɗaga ta, suka leƙa ƙarƙashinta, suka ce masha Allah, tsaf. Ta wuce.

Daren buɗewa fili ya cika maƙil. Motoci har bakin titi, fitilu kala-kala, masu rawar sanda a tsakiya, yara da balan-balan. Mutane suka yi layi a gaban rumfarmu da wayoyi a sama, don an rubuta a allo cewa wainar gargajiya ce a tandar ƙasa. Na ɗora ta a kan yashi, na yi wa wuta ƙasa-ƙasa, na jira fiye da yadda na saba jira. Na zuba mai, ta shanye. Na ƙara, ta shanye. Na yi bisimillah na zuba ƙullu. Da na kai cokali, waina ta riƙe gam, ta yage biyu, tururinta warin sabulu. Na kankare na sake. Ina cikin zubi na biyu na ji wata 'yar ƙara, ba babba ba, kamar an karya tsinke. Tsaga ta taso daga gidan tsakiya ta tafi har baki. Ƙullu ya bi tsagar ya ɗiga a kan yashi.

Na kashe wuta na cire safar hannu.

Nuha ta fita da gudu ta dawo rungume da tandar lantarki. Ta jona, ta zuba. Waina ta fito fara-fara, zagaye, kowace kamar 'yar'uwarta. Ta bar miyar taushen da na yini ina haɗawa, ta malala wa wasu zuma, wasu cuku, wasu cakulan. Ina zaune a kujera a baya ina kallon bakunan mutane, ina jiran wanda zai taɓe fuska. Ba ko ɗaya. Wasu har suka koma bayan layi suka sake. Kafin a kashe fitilu ƙullu ya ƙare. Haka aka yi washegari, haka aka yi har ƙarshen lokacin. Ke mai tabarau, wannan ne abin da ya kamata ki ji. Ba ki yi ƙarya ba.

Zubin farko na lantarkin ma na sa an keɓe min a faranti, don hannu ya saba. Na riƙe na zagaya ido ina neman wanda yake zaune nesa da fitila. Filin nan ba shi da inda ya yi nesa da fitila. Kowa da motarsa ya zo, kowa da iyalinsa, kowa ya ƙoshi tun daga gida. Na hangi wani mai shara da rigar kamfani na miƙa masa. Ya duba hagu da dama ya ce, "An hana mu karɓa a bakin aiki, ya hajja, Allah ya saka." Farantin ya huce a hannuna. Bayan 'yan kwanaki na daina keɓewa.

Malam Bawa ya zo sau ɗaya, ana dab da rufe lokacin. Wani direba ne ya ba shi labari ya rago masa hanya. Filin yana da nisa da Harami, kuma sa'ar da ake kashe fitilu ita ce sa'ar da shi yake tsakiyar aiki, don haka daren nan aiki ya bari ya zo. Ya ƙara ramewa, yana ɗan jan ƙafa.

"Hajiya Kande, ashe kin zama ta hukuma. Har da allo."

"Wai sunana ne a jiki, in ji su."

Ya duba inda zai zauna ya cire takalmi. Babu benci, sai dogayen tebura da ake ci a tsaye. Ya jingina da rumfa ya ce, "To, ba ni ta tsakiya."

Na nuna masa da haɓa. Mushrifi ne ya ce kada a yar da Baƙa. Aka liƙe tsagar da gam, aka kafa ta a goshin rumfa, aka zagaye ta da ƙananan fitilu masu ƙiftawa. Mutane suna tsayawa a ƙarƙashinta su ɗauki hoto. Malam Bawa ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Wannan ja ce."

"Dama asalinta ja ce."

Ya sauke kai. Nuha ta miƙo masa waina a ɗan kwali da cokalin katako. Ya ajiye cokalin ya sa hannu. Ya ci a tsaye, a hankali, har ya cinye, don shi ba mai barin abinci ba ne. Nuha ta ce, "Baba, yaya ka ji ta?"

Ya goge yatsu ya ce, "Da zafinta, ɗiyata. Allah ya yi albarka."

Ya yi min sallama ya bi tsakanin motoci yana neman hanyar fita. Ban ƙara ganinsa ba.

Da Hajjin da ya biyo baya Nuha ta shigo min da kwali ta ajiye a gabana. Sabuwar tanda ce, wani ɗalibi ta roƙa ya taho da ita daga Kano. Na kwance zannuwan, na ƙwanƙwasa da farce, ta amsa tas. Ƙasa mai kyau ce, wanda ya gina ta ya san aikinsa. Ba na jin Baƙa ma ta fi ta lokacin da take sabuwa.

To a ina zan dafa ta? Ku da kuka yi karatu ku faɗa min. Sabuwar tanda gawayi take so, da hayaƙi, kowane dare, kusan shekara. A gidan nan abar silin za ta tara min jama'a. A fili gawayi ba ya shiga, kuma filin ma lokaci-lokaci ake buɗe shi a rufe. Na tambayi mushrifi ko za a ba ni ɗan lungu a bayan rumfuna, ya ce zai tambaya, kuma na yarda ya tambaya. Lungunmu na Tandabawi kuwa, Nuha ta taɓa bi da ni ta wurin a mota ta ce, "Sitti, nan ne." Kwalta na gani.

Ko da an ba ni wurin, wace ce a cikinku za ta zauna da mafici har zane ya daina ja mata ƙasa, don ta toya abin da ba wanda zai bambance shi da na lantarki? Kada ku amsa. Ni ma da a yau aka haife ni ba zan zauna ba.

Saboda haka abin da kuka zo nema ba ya hannuna. Ku je ku sayi yis ku bi abin da aka rubuta a jikin leda. Ku sa zuma, ku sa cuku. Za ku sayar, kuma Allah ya sa albarka, da zuciya ɗaya na faɗa.

Sabuwar tana nan ƙarƙashin gadon da kuka jingina da shi. Duk Juma'a nakan fito da ita in shafe ta da man gyaɗa, gida-gida, in mayar. Na san mai in ba wuta ba ya zama komai, sai dai ya kwanta ya yi gafi. Tun da kuka shigo kuke jin warin, kunya ce ta hana ku faɗa. Nuha, ajiye alƙalamin nan ki buɗe musu taga.